Hannun Yaya a Taga

Mutanen layin ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, amma a kan Dogo mai aski bakinsu ɗaya ne. Mai Nama yakan ce, "Mutumin nan ko ƙafarsa ka taka, shi zai ba ka haƙuri, ya tambaye ka ko takalminka bai ɓaci ba." Direba ya rantse sau uku barci na kwashe shi a kujerar Dogo ana tsakiyar gyara masa gemu, don hannun mutumin ya fi matashin kai laushi. Ticha, wanda ya yi ritaya daga koyarwa amma bai yi ritaya daga gyara wa mutane zama ba, cewa yake yi, "Aibun Dogo ɗaya ne. Tsawon duk ya tafi hannu da ƙafa, bai bar wa baki wurin cewa a'a ba."

Ƙaninsa kuwa, wanda kowa ke kira Mai Dabara, Dogo kaɗai ke ce masa Auta, ya fi kowa yabonsa. "Yayana ai uba ne a wurina," in ji shi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. "Ɗaki sukutum na ba shi a gidana." Ɗakin nan shi ne na bayan kicin, inda ake ajiye matacciyar fanka da tayoyin mota biyu da keken ɗinkin da ya rasa ƙafa. A tsakaninsu Dogo ke kwana, tafin ƙafarsa na leƙen bakin ƙofa, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Bayan aski, ba abin da Dogo ke so a duniya kamar ƙwallo. Shi na masu koriyar riga ne, ƙungiyar da ta fi shekara ashirin ba ta ɗauki ko cokali ba, balle kofi. Ba ya ihu, ba ya gardama. In sun ci, sai ya shafa gwiwarsa ya ce, "Madalla." In an ci su, sai ya shafa ɗayar.

Ranar da kamfanin tauraron ɗan'adam ya ƙara kuɗin wata, karo na biyu a shekara guda, Mai Dabara ya tsaya a tsakiyar falo yana nuna talabijin da rimot kamar ita ta yi laifin.

"Wannan ai fashi ne da rana tsaka! Wasan Asabar a wata tasha, na Lahadi a wata, na tsakiyar mako a wata, kowacce da kuɗinta. Su 'yan wasan ƙafa nawa gare su? Ba biyu ba ne kamar tawa?"

Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tana ninke wanki a kan kujera. "To a bar kallon mana. Rediyo ai bai mutu ba."

"Ke ba za ki gane ba."

Washegari ya dawo da wani ɗan baƙin akwati wanda bai fi sabulu girma ba. Ya ce wani mutum ne a bayan kasuwa ke sayarwa, tasha dubu uku ce a ciki, har da wasannin ƙasashen da ko fili ba su da shi. Ba kuɗin wata, ba kuɗin shekara. Abin da akwatin ke buƙata kawai ya sha intanet daga waya. Wayar Maman 'Yan Biyu aka ɗauka, don tasa, in ji shi, ta harkar aiki ce.

Aka jona, hoto ya fito, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga, ya tsaya cak. Wani ɗan zobe ya fito a kan cikinsa yana juyawa. Mai Dabara ya zagaya falon da wayar, ya hau kujera, ya leƙa bayan labule, ya tsuguna a ƙarƙashin tebur, zoben bai fasa juyawa ba. Ana cikin haka Dogo ya shigo daga shago, ƙurar gashi a gaban rigarsa.

"Yaya, riƙe mini wannan in duba bayan akwatin."

Dogo ya karɓa. A bangon da ke kallon talabijin, can kusa da silin, akwai 'yar taga ta shan iska da ba wanda ke kaiwa. Ya miƙa hannu ya zura wayar waje, don gwaji kawai. Nan take ɗan wasan ya sauke ƙafarsa, ƙwallo ta tashi, hoto ya fito tas har ana ganin gumi.

"Kada ka motsa!" Mai Dabara ya daka tsawa. "Yaya, don girman Allah kada ka motsa. Minti biyar kawai."

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. An kafa ƙusa an rataye wayar, zobe ya dawo. An ɗaure ta a sandar tsintsiya, ta faɗo cikin kwata. Sabis ɗin wurin kamar ƙuda yake, yana tashi yana sauka, sai hannun da zai bi shi. Mai Dabara ya yanke hukunci cewa jikin yayansa ne ke jan sabis. "Baiwa ce," ya gaya wa matarsa. "Wasu murya aka ba su, wasu ƙwaƙwalwa. Ai butulci ne a bar baiwa ta lalace."

Haka aka shiga kakar wasanni. Asabar da Lahadi, ranakun da kowa ke son aski, ƙarfe uku na yi sai Dogo ya kakkaɓe kilifa, ya ja ƙofar shago, ya zo ya tsaya a wurinsa: fuska a bango, hannun dama a taga, ƙeya ga talabijin. Da farko sai an yi masa ihu, "Sama! Hagu kaɗan! Tsaya nan!" Daga baya ya koyi gane abin da muryar mai sharhi: da ta fara sarƙewa sai ya karkata wuyan hannu, ta saki. Ya haddace bangon nan. Ya san tsagar da ta yi kama da kan akuya, ya san gizo-gizon da ke kusurwa da lokacin cin abincinsa. Wasa kuwa ko ɗaya bai gani ba.

Sai aka gano akwatin yana da wani hali: hotonsa na zuwa a makare da minti biyu. Ticha, da ke gidan da ke jingine da nasu, yana biyan kamfanin kuɗinsa duk wata yana tsinuwa, kuma shi ma na masu koriyar riga ne, amma irin masu ihu. Kunnen Dogo na daf da taga, don haka shi ke fara jin labari. Ticha ya kurma "Ta shiga!", kafaɗar Dogo ta yi rawa, hoto ya tsaya, 'yan falo su gane an ci alhali a gabansu ƙwallon na tsakiyar fili.

"Kai Mai Dabara," in ji Mai Nama, wanda ya fara zuwa kallo tare da Direba, "kafaɗar yayanka tana ɓata mana wasa. Ta faɗi sakamako tun ba a buga ba."

Mai Dabara ya shiga ɗaki ya fito da auduga. "Yaya, don lafiyar kunnenka ne. Ihun tsohon nan kurmantar da mutum zai yi." Da hannunsa ya cusa masa. Audugar ba ta hana jin Ticha, ba abin da ke hana jin Ticha, amma Dogo ya koyi haɗiye murna ba tare da ta kai kafaɗa ba.

Masu kallo suka ƙaru. Aka aro benci biyu, aka mayar da teburin cin abinci tsakar gida. Wata Asabar Mai Dabara ya ajiye gwangwanin madara a bakin ƙofa.

"Kuɗin kallo ka fara karɓa?" Maman 'Yan Biyu ta tambaye shi.

"Subhanallahi! Ni in sayar da ƙwallo kamar waɗancan azzaluman? Kuɗin fanka ne. Wanda ba ya son iska ya tsaya a waje."

"Shi Yaya fa? Nawa ne nasa?"

"Haba! In biya ɗan'uwana kamar ɗan ƙwadago? Kina son ki sa kuɗi a tsakanin jini ɗaya?"

Dogo na jinsu ta cikin auduga. Ya kalli kan akuyar da ke bango. A ransa yana ganin wanda ke kwana a ɗakin mutum, yana cin abincin gidansa, bai kamata ya yi rowar hannu ba.

Kafaɗar ta fara da tsami, ta koma zugi, ta koma wani abu kamar an zuba mata yashi a ciki. Da safe sai ya sa hannun hagu ya ɗago na dama kafin ya iya sa riga. A shago ya fara ajiye almakashi yana yarfe yatsu a ɓoye. Wata Litinin Mai Nama ya zauna a yi masa saisaye, Dogo ya ɗora kilifa a ƙeyarsa, hannun ya zabura da kansa ya yi sama, kamar ya ji muryar mai sharhi ta sarƙe. Kilifa ta share hanya tun daga wuya har tsakiyar kai.

Mai Nama ya shafa, ya juya ya duba a madubi. "Dogo, wannan titi ne ko layin dogo?"

Dole aka yi masa ƙwal-kwabo. Bai yi faɗa ba, har kuɗi ya miƙa, Dogo ya ƙi karɓa. Amma kai ba ya ɓuya, kuma labari ya riga shi isa kasuwa. Kafin mako ya zagayo, masu zuwa da 'ya'yansu sun koma sabon shagon da ke bakin titi, wanda ke da kujera mai juyawa. Direba ya ce shi gemu ya yanke shawarar tarawa.

Ticha ne kawai bai fasa zuwa ba, ga shi gashin nasa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Yana zaune, mayafin aski a wuyansa, ya ce, "Dogo, wallahi duk wata in na biya kuɗin nan ji nake kamar an cire mini haƙori ba allura. Tsada ce, haɗama ce, ban wanke su ba. Har nama na rage saboda su. Amma mai riƙe kyamara a filin can da mai jan wayoyi ba iska suke ci ba."

"Auta ya ce iska ce ke kawo hoton, kuma ba mai iska."

"Auta ya faɗa. Ni dai abin da na gani a rayuwa, in ka ga abu ya zo maka ba ka biya ba, to duba da kyau, wani ne ya biya." Ya bi hannun da ke rawa a saman kunnensa da ido. "Yi a hankali da kunnen nan, da shi nake jin labarai."

Da safiyar Asabar Dogo ya tari ƙaninsa yana goge takalmi a tsakar gida.

"Auta, kafaɗar nan tana ɗan damuna."

"Alhamdu lillahi, ta fara aiki ke nan! Yaya, ka san nawa masu kuɗi ke biya a bar su su ɗaga ƙarfe? Kai ga shi kana samu kyauta, a gida, a inuwa." Ya shiga ya ɗauko masa man zafi, rabin kwalba. "Saura wasa tara kawai. In na koma biyan waɗancan ɓarayin, da me zan riƙe gidan nan? Mu nawa ne a ciki?"

Bai ce har da kai ba. Dogo ya ji ta duk da haka, ya karɓi man.

A ranar ne Dogo ya zo da ƙaramin madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu. Ya rataye shi a ƙusar da aka kafa don waya, ya karkata shi, sai ga talabijin ɗungurungum a gaban hancinsa. Komai a juye yake, na dama sun koma 'yan hagu, lambobin riga sun birkice, amma korayen nan nasa ne, suna gudu, suna ba da ƙwallo. Ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ɗora laifin a kan man zafi.

A waje, ƙarƙashin tagar, dama akwai masu tsayuwa: mai faci, mai gadin kantin magani, da leburori biyu da ba su da kuɗin fanka. Sun saba kallon hannun Dogo suna hasashen yadda wasa ke tafiya. Ranar sai suka ji murya ƙasa-ƙasa tana saukowa daga sama.

"Mai lamba takwas ya karɓa. Ya yanke ɗaya. Kai, wannan yanka ko almakashina. Ya duba, ya ba gajeren nan mai askin banza, wanda ya yi masa askin nan Allah ya isa. Ya buga. Ta wuce sama, ta tafi neman sabis."

Mutumin da bai cika haɗa jimla uku a yini ba, ashe mai sharhi ne a ɓoye. Mako na gaba mutum goma sha biyu ne a ƙarƙashin tagar. Na gaba da shi har mai shayi ya matso da teburinsa. Direba ya leƙa waje a hutun rabin lokaci, bai dawo ba. Mai Dabara ya girgiza gwangwani ya ji ƙarar ta ragu, ya zagaya bayan gida, ya tarar da jama'a zaune a kan bulo suna dariya, fuskokinsu a sama.

Ya dawo falo kamar zai tashi. Ya hau benci ya fizge madubin.

"Yaya! Da kai za a haɗa baki a cuce ni? Wasana kake rabawa a titi kyauta? Ni na sayi akwati, ni ke biyan wuta, wasu can su zauna a bulo su sha daɗi? Wannan ai sata ce! Sata tsagwaronta!"

Ta bayan katanga muryar Ticha ta taso. "Mai Dabara, wasan wa ka ce?"

"Ba da kai nake ba, Ticha!"

"Na sani. Wanzami dai ba ya son jarfa."

Mai Nama ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi, sabon gashi ya bayyana. Mai Dabara ya kulle madubin a durowa, ya kafa doka: ba magana a taga. Dogo ya koma wa kan akuya da gizo-gizo.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Masu koriyar riga, ba wanda ya san yadda aka yi, suka kai wasan ƙarshe. Ranar falon ya cika har bakin kicin, kuɗin fanka ya ninka, fankar kuma ba ta kai wa kowa. Maman 'Yan Biyu ta tare mijinta a ƙofa.

"Yau dai ka bar Yaya ya zauna. Ƙungiyarsa ce. Ku je gidan Ticha mana, ya ce ƙofarsa a buɗe take."

"In kai mutum talatin gidan Ticha? Wasa ɗaya ne ya rage. Ai shi ma don ƙungiyarsa yake yi. In hannunsa ya sauka, wa zai gan su?"

Ƙarfe huɗu aka take wasa. Minti casa'in ba ci. Aka ƙara rabin awa, ba ci. Tun a ƙarin lokacin Dogo ya daina jin yatsunsa, zugin ya bar kafaɗa ya hau wuya ya sauka haƙarƙari. Gumi ya jiƙa audugar kunnensa. Aka tafi bugun fenariti, a falo wani na addu'a, wani na cizon hula.

Sai ihun Ticha ya tsaga katanga, irin wanda ba a taɓa ji ba, da ƙarar kujera ta faɗi. Dogo ya gane. Shekara ashirin da 'yan kai. Ga minti biyu a gabansa da ba shi da izinin motsi. Ya kafa goshi a bango, ya riƙe numfashi, ya ce wa siminti a hankali, "Madalla."

Da labarin ya iso falo aka yi ta tsalle ana rungumar juna, benci ya karye. Mutane suka watse suna gardama. Mai Dabara ya zo yana haki.

"Yaya, sauke, an gama."

Dogo ya ce wa hannun ya sauka. Hannun bai ji ba.

"Sauke mana."

"Ya ƙi."

Sai da Mai Dabara ya hau benci ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin wayar ta fito. Ya juya ta gaba da baya, ya hura allonta, ya goge da riga. "Ba abin da ya same ta," ya ce. Aka zaro hannun daga taga da dabara, amma ya tsaya a sama ƙiƙam. Aka gasa da ruwan zafi, aka shafa sauran man, Direba ya ja, Dogo ya yi ƙarar da ba a taɓa jin irinta daga bakinsa ba. A haka ya kwana, hannu jingine da taya.

Da safe Maman 'Yan Biyu ta raka shi asibiti. Kafin su kai bakin titi tasi uku sun tsaya. Wani mai babur ya ɗaga masa hannu shi ma, wata tsohuwa ta amsa gaisuwar da ba a yi mata ba. Ticha, da muryarsa ta dishe, ya biyo su da sanda yana cewa, "Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa barin ɗalibi ya ɗaga hannu har ya kwana ban tambaye shi me yake so ba."

Likitar ta zagaya shi sau biyu. "Baba, me kake ɗauka haka?"

"Waya."

"Waya nawa?"

"Ɗaya."

Ta dubi Maman 'Yan Biyu, ita kuma ta ba ta labarin duka, har da auduga. Likitar ta fara dariya, ta dubi fuskar Dogo, ta daina. Aka yi masa allura, aka yi ta murzawa, hannun ya sauko a hankali kamar tutar da aka sauke. Ta rataye masa shi a wuya da ƙyalle.

"Sana'arka?"

"Aski."

"Wata biyu ba kilifa ba almakashi. In ka sake ɗaga shi irin haka, ka fara neman wata sana'ar."

A gida Mai Dabara ya saurari bayanin da fuskar jimami, yana girgiza kai. Ya ce likitocin yanzu akwai tsoratarwa. Ya ce dama shekaru ma sun ja, kafaɗa kuwa gadon gidansu ce, kakansu ma ya yi fama da ita. Sannan ya gyara murya.

"Gasar ƙasashe za a fara nan da mako biyu. Yaya, ita likitar ta yi maganar na hagu?"

Maman 'Yan Biyu ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta je kan talabijin ta ɗauki wayarta, ta jefa a jaka, ta zuge.

"Ka ce kamfani ɓarayi ne don sun karɓi kuɗinka sun ba ka wasa. Kai ka karɓi hannun mutum, ko wasan ba ka ba shi ba."

"Ke, da mijinki kike magana."

"Da shi nake. Shi kuma wancan yayan mijina ne."

Kwana uku Mai Dabara bai yi wa kowa magana a gidan ba, sai dai ya gaya wa Direba cewa mata ba su san tattali ba. Dogo kuwa kullum yana buɗe shago, don bai san inda zai je ba. Ya share da hagu, ya goge madubin bango, ya zauna. Ticha da Mai Nama kan zo taya shi zama.

Ran na huɗu da hantsi sai ga Mai Dabara da rigar zuwa ofis. Manyan kamfanin kayan ginin da yake wa aikin sito za su zo duba ma'aikata, ga kansa ya yi buzu-buzu. Tunda aka haife shi bai taɓa zama a gaban wani mai aski ba sai yayansa, bai ma san nawa ake biya ba. Ya gaisa da mutane sama-sama, ya faɗa kujera.

"Yaya, ɗan rage mini gefe da gefe. Ba wani aiki ba ne."

Ticha ya buɗe baki, Dogo ya girgiza masa kai. Ya zare ƙyallen daga wuya, ya yafa wa ƙaninsa mayafi da hagu, ya kunna kilifa, ya sa ta a hannun dama. Hannun ya taso zuwa bayan kujera, ya tsaya. Ya sake yunƙurawa, ya kai kafaɗar Mai Dabara, kilifa na kuka a kan mayafi, ya koma ƙasa.

"Auta, ɗan sunkuyo."

Mai Dabara ya sunkuya.

"Ƙara kaɗan."

Ya zame a kujerar har bayansa ya lanƙwashe. Hannun bai kai ba.

"Ƙara dai."

Ya ƙara, ya ƙara, kujerar ta ƙare. Sai ga shi a ƙasa, gwiwa biyu a kan siminti cikin rigar ofis, mayafi ya rufe shi kamar kaza a akurki. Mai Nama ya toshe baki da hula. A nan ne kilifa ta kai gashin. Dogo ya fara aski a hankali, yana tallafe da gwiwar hannun da ɗayan, numfashinsa na fita da ƙyar.

Daga inda yake durƙushe, hannun na daidai idon Mai Dabara. Ya ga yatsun sun kumbura, ya ga yadda suke rawa, ya ga jijiyar wuyan hannu ta miƙe. Ya ɗaga kai. Wata takwas ƙeyar mutumin nan kawai yake gani. Fuskar ta rame, gumi na bin gemun da ya yi furfura, leɓe a cije, ido kuwa na kan aikin, kada a ɓata wa Auta kai ranar da manya za su zo.

"Daina motsi," in ji Dogo. "Saura kaɗan."

Mai Dabara ya kama wuyan hannun da hannu biyu, ya kashe kilifar, ya ajiye ta a ƙasa. Ya yi wata magana a cikin mayafi.

"Me ka ce?" in ji Dogo.

Ya sake yi, ba ta fi ta farko fitowa ba. Aka ji kalmar "kamfani" da "tsada" a ciki.

Ticha ya buga sanda a ƙasa. "Bar kamfani, ba sa nan. Ɗaga murya, na bayan aji ba su ji ba."

Mai Dabara ya dubi ƙofa, inda mai faci da mai shayi suka tsaya suna leƙe. Ya dubi rabin kansa da aka aske a madubi. Bai tashi ba, bai saki hannun ba.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta kai har bakin titi, "ni ne na cuce ka. Ba kamfani ba, ba sabis ba, ni. Don Allah ka yafe mini."